Bindigar wasa mai kama da ta gaske: a hana ta, ko a tsare wanda zai riƙe ta?

Baban Khalifa (Kalgari, Kanada):

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar da na sanya hoton da muka ɗauka ni da ɗana a filin wasa, sanye da tabarau na kare ido, kowannenmu rungume da abin da ya yi kama da bindigar soja, mutane da dama suka biyo ni ta gefe, wasu da tambaya wasu da faɗa, shi ya sa na ga ya fi dacewa in kawo maganar fili kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wasan da muke yi ana kiransa eyasof. Bindigar ba ta cin harsashi kuma babu albarushi a cikinta. Batir ne ko gas ko sifirin ke tura iska, iskar ta cillo 'yar ƙwayar roba mai faɗin milimita 6, wadda mafi yawanci nauyinta giram 0.2 ne ko sama da haka kaɗan. Ana raba 'yan wasa gida biyu a cikin daji ko wani tsohon sito da aka killace, duk wanda ƙwaya ta taɓa shi da kansa zai ɗaga hannu ya fita, domin ƙwayar ba ta barin alama a tufafi, gaskiyar mutum ce kaɗai shaida. A Japan wasan ya samo asali, ƙasar da dokarta ta 1958 ta ƙuntata wa farar hula mallakar bindiga ƙwarai, sai masu sha'awa suka koma ƙera mai kama da ita. Kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir a 1991, daga nan abin ya bazu duniya.

Saura ƙiris doka ta kashe wasan a nan Kanada, kuma ban yi tsammanin maganar ta kwanta ke nan ba. Tun 1998 an haramta shigo da bindigar kwaikwayo da sayar da ita, wato abin da aka ƙera tamkar bindigar gaske amma ba ya iya ji wa mutum mummunan rauni. Idan gudun ƙwayar ya kai ƙafa 366 a sakan ɗaya, doka tana ɗaukarta a matsayin bindigar da za ta iya fasa ido, saboda haka ta fita daga sahun kwaikwayo. Idan kuma gudun bai haura ƙafa 500 ba, ba a neman lasisi a kanta. A tsakanin waɗannan lambobi biyu ne duk shagunan eyasof da filayen wasansa suke cin abinci. Gwamnatin Justin Trudeau ta ga wannan a matsayin ɓaraka, ta sanya shi cikin ƙudurin dokar bindigogi mai lamba C-21 a watan Fabrairun 2021. Ƙudurin ya mutu da aka rushe majalisa domin zaɓe, aka sake gabatar da shi ranar 30 ga Mayun 2022. Da ya wuce yadda aka rubuta shi, da an hana shigo da irin waɗannan bindigogi masu kama da na gaske, an hana sayar da su, an hana ma mutum ya ba wani kyauta. Wanda yake da tasa zai ci gaba da riƙewa, amma in ta mutu babu inda zai sayi wata. Masu wasa da masu shaguna suka rubuta koke, suka bayyana gaban kwamitin majalisa, har aka cire wannan sashe, dokar ta tabbata ranar 15 ga Disambar 2023 ba tare da shi ba.

Ni ra'ayina shi ne kama da wane ba ta wane. Ƙwayar nan tana fita da ƙarfin da bai fi jul ɗaya ko biyu ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugu), alhali harsashin AK-47 yana fita da kimanin jul 2,000, don haka ban ga adalci ba a rufe wa mutane sana'a da wasan motsa jiki saboda siffa kawai. Ina so musamman in ji ta bakin Yallaɓai Sufeto, tunda shi ya riƙe ta gasken.

Tsohon Sufeto (Kaduna):

Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, lissafin da ka kawo daidai ne, amma lissafi ne na wanda yake zaune a inuwa da rana tsaka. Shekara 35 na yi sanye da kaki, kuma ban taɓa ganin ɗan sandan da ya auna gudun harsashi kafin ya yanke shawara ba.

Bari in ba ka abin da ya faru a gabana. Wani dare muna shingen bincike a bayan gari, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wasu samari biyu suka taho a kan babur. Da muka haska su da tocila, iska ta ɗaga rigar na bayan, muka hango gindin ƙaramar bindiga a soke a ƙugunsa. Kurtun da ke gefena bai fi wata huɗu da fitowa daga horo ba, kuma makonni kaɗan kafin nan an harbe wani abokin aikinmu a irin wannan shinge. Na ji ƙarar ɗana bindigarsa kafin in buɗe baki. Allah ya taimake ni na daka masa tsawa, samarin suka kwanta rub da ciki, na je na zare abin da hannuna, sai na ji shi sakayau kamar cokali. Roba ce. Yaron ɗan koyon ɗinki ne, ya saya wa ƙanensa a kasuwa, ya rasa inda zai sa sai ya soke a wando. Har yau idan na tuna yatsan kurtun nan a kan kunama, barci yana ƙaurace mini, domin da ya harba, da uwa ta rasa ɗa, shi ma kurtun da rayuwarsa ta lalace. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, kuma ɗan sandan dare kullum a cikin wannan hali yake.

Wannan ta kasuwa ce mai araha. Ina ga irin taku, wadda maƙerinta yake alfahari da cewa ko soja ba zai bambance ta da ta gaske ba sai ya ɗauka a hannu? Tambayata gare ka ita ce, idan guje-guje da dabara da faɗin gaskiya ne ribar wasan, me ya sa dole sai bindigar ta yi kama da AK-47? A ƙera ta da wata siffa dabam, a shafe ta da rawaya, ku ci gaba da wasanku.

Baban Khalifa (Kalgari, Kanada):

Yallaɓai, Allah ya ƙara lafiya, labarin nan ya taɓa ni, kuma ba zan ɓoye maka gaskiya ba: da yawa daga cikin masu wasan siffar ce take jan su. Akwai tsofaffin sojoji a cikinmu, akwai masu sha'awar tarihin yaƙe-yaƙe da suke ɗinka kaki irin na zamanin da, akwai masu shirya fina-finai da suke hayar bindigogin domin sun fi na gaske aminci a wajen ɗaukar hoto. Amma ko da mun yarda mu haƙura da siffar, kusan duk kayan daga Japan da Taiwan da Sin ake ƙera su domin kasuwar duniya baki ɗaya, kuma babu kamfanin da zai sake zubi sabo saboda 'yan kasuwar Kanada kaɗai. Wannan shi ne abin da masu shaguna suka yi ta nanatawa, cewa hana siffar daidai yake da hana wasan.

Maman Sadiƙ (Kolombos, Ohayo):

Ƙanena Baban Khalifa, na karanta duk abin da ka rubuta sau biyu, ban ga inda ka ambaci launin fatar ɗanka ba, alhali ni a wurina nan ne maganar take. A wannan jiha da nake zaune, ranar 22 ga Nuwamban 2014, wani yaro baƙar fata ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice yana wasa da bindigar eyasof a wani wurin shaƙatawa a birnin Cleveland. Wanda ya kira 'yan sanda ya gaya musu cewa mai yiwuwa bindigar ta ƙarya ce kuma mai yiwuwa yaro ne, amma ba a isar da wannan bayani ga waɗanda aka tura ba. Motarsu ta tsaya a gabansa, cikin kimanin sakan biyu aka harbe shi, washegari ya cika. Ba a gurfanar da wanda ya harbe shi ba, birnin dai ya biya iyalinsa dala miliyan 6 a 2016. Watanni uku da rabi kafin wannan, a cikin wani babban kanti a wannan jihar, an harbe John Crawford yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauko daga kan kantar shagon, yana magana a waya. Kuma ka sani Ohayo jiha ce da doka ta yarda babban mutum ya rataya bindigar gaske ya fita titi. A Kalifoniya ma, a watan Oktoban 2013, an harbe Andy Lopez ɗan shekara 13 yana tafiya da bindigar wasa mai siffar AK-47.

Tun 1988 dokar tarayyar Amurka ta wajabta a sa alamar ruwan goro a bakin bindigar wasa, amma ta Tamir da ta Andy duk babu alamar a jikinsu, domin 'yar roba ce da take karyewa ko yaro ya ɓalle ta da gangan. Bayan mutuwar Andy ne Kalifoniya ta yi dokar ƙara launuka masu ƙyalli a jikin bindigar, ta fara aiki a farkon 2016. Ni dai Sadiƙ ya roƙe ni har da kuka lokacin da abokansa na makaranta suka fara wasan, na ce masa a'a, kuma ban yi nadama ba. Abokan nasa fararen fata ne, idan maƙwabci ya hango su a bayan gida zai ce yara suna wasa. Idan ya hango nawa, waya zai ɗauka.

Ɗalibin Shari'a (Birmingham):

Anti, maganarki tana da nauyi, kuma babu wanda yake da ɗa a ƙasashen nan da zai musa ta. Ina so kawai in nuna cewa tsakanin barin abu sakaka da haramta shi ɗungurungum akwai hanya ta uku, kuma nan Birtaniya an kusa shekara ashirin ana binta. Dokar rage miyagun laifuka ta 2006, wadda wannan sashe nata ya fara aiki a watan Oktoban 2007, ta haramta ƙera bindigar kwaikwayo mai kama da ta gaske, da shigo da ita, da sayar da ita. Sai aka buɗe ƙofa ga wasu rukunai da suka haɗa da gidajen tarihi, da masu fim da wasan kwaikwayo, da 'yan eyasof masu wasa a filin da yake da inshora. 'Yan kasuwar da kansu suka kafa rajista mai suna UKARA: sai mutum ya cika shekara 18, ya je filin da aka sani ya yi wasa aƙalla sau uku a tsawon lokacin da bai gaza wata biyu ba, sannan mai filin ya shaide shi, kafin shago ya sayar masa da baƙar bindiga. Wanda bai cika wannan sharaɗi ba, sai dai a sayar masa da wadda aka shafe fiye da rabinta da launi mai haske kamar shuɗi ko kore. Ban da haka, fita bainar jama'a da bindigar kwaikwayo ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne, kuma a 2017 aka ƙayyade ƙarfinta: jul 1.3 ga mai aman ƙwaya a jere, jul 2.5 ga mai fitar da ɗaya-ɗaya.

Hikimar wannan tsari ita ce ɗan fashin da yake son abin tsorata mutane yau da daddare ba zai yi wata biyu yana rarrafe cikin taɓo da sunansa a littafin wani ba. Game da shawarar Yallaɓai ta shafa rawaya kuwa, da girmamawa nake cewa fenti ba ya kare kowa, domin gwangwanin baƙin fenti ɗaya ya isa ya mayar da ita yadda take, kuma mugu yana iya shafa wa ta gaske ruwan goro a baki domin ɗan sanda ya yi jinkiri.

Tsohon Sufeto (Kaduna):

Ɗana, ka yi gaskiya a kan fenti, na janye wannan. Ko ni da za a ce mini in saki jiki saboda na hango launi a bakin bindiga cikin duhu, ba zan yarda ba. Amma ka lura tsarin da ka bayyana yana tafiya ne a ƙasar da kowane gida yake da lamba, kowane shago yake tsoron a ƙwace masa lasisi, kuma mafi yawan 'yan sandan sintirinta ba sa ɗaukar bindiga. Wannan na ƙarshen shi ne babban abin da yake ceton yaransu, fiye da rajistar. A inda kowane ɗan sanda yake da bindiga a ƙugu, kamar Amurka da Kanada da nan gida, kuskure ɗaya gawa ce.

Maman Hanifa (Kano):

Ku gafarce ni, ku kuna maganar manya masu fili da tabarau da inshora, mu kuwa abin yana cikin lungunanmu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk wanda yake Kano ya san yadda ake jibge bindigogin roba a baro da kan tabarma idan Sallah ta gabato, da ƙwayoyinsu rawaya a ƙulle a leda, kuma kuɗin barka da Sallah na yara maza kusan a nan yake ƙarewa. Sallar bara ɗan ƙanwata mai shekara bakwai yana tsaye a ƙofar gida da sabuwar shaddarsa, ko wasan ma ba ya ciki, wani yaro ya harbo daga bayan kwata ƙwaya ta same shi a idon hagu. Da aka shigo da shi, baƙin idon ya cika da jini har rabi kamar an zuba a kofi. Mun kwana biyu a asibiti, an hana shi gudu da sunkuyo na tsawon makonni, kuma har yanzu idan ya rufe na dama hazo-hazo yake gani. Yaron da ya yi harbin ɗan maƙwabta ne, uwarsa ta zo tana kuka, me za mu ce mata? Wanda ya sayar masa kuwa ya tura baronsa ya ƙara gaba. A Afganistan gwamnati ta hana sayar da irin waɗannan bindigogi a 2015 bayan yara masu yawa sun ji rauni a ido a bikin ƙaramar Sallah, kuma ni da za a yi haka a nan, da ni ce ta farko da za ta yi murna.

Likitan Ido (Zariya):

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, kuma don Allah kada a daina kai shi ana auna ƙarfin ruwan idon, domin irin wannan bugu yana iya haifar da hawan jinin ido ko yanar ido bayan shekaru, lokacin da kowa ya manta da abin da ya faru. Baban Khalifa, kwatanta jul ɗaya da jul 2,000 yana da amfani idan ana maganar ƙirji ko cinya, amma ido ba ya buƙatar jul 2,000. Ƙwallon ƙafa ƙashin da ya kewaye ido yana tare ta, ita kuwa ƙwayar milimita 6 tana wucewa kai tsaye ta daki ƙwayar idon, ta kankare fatar gabansa, ta fasa jijiyoyin jini, wani lokaci ta ɗaga shimfiɗar gani da ke bayansa. Ai lambar 366 da ka ambata ma daga gwajin fasa ido aka samo ta. Zan dai yi maka adalci a kan abu ɗaya: waɗanda nake gani a ɗakin duba marasa lafiya yaran unguwa ne da babu komai a fuskarsu, kuma tabarau mai inganci yana tare wannan ƙwaya sarai.

Malam Na Bakin Kasuwa (Maraɗi):

Bayanin Likita ya tuna mini da hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal da ya zo a Buhari da Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cilla ƙananan tsakuwoyi da yatsu, ya ce ba sa kashe abin farauta, ba sa illata maƙiyi, sai dai su fasa ido su karya haƙori. Duk wanda ya karanta wannan ya dubi ƙwayar robar nan zai ga kamar ita ake siffantawa. Haka nan an hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, kuma ya zo a wani hadisin cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, an kuwa faɗi wannan ne a kan abin da aka yi da sunan wasa.

Baban Khalifa (Kalgari, Kanada):

Allah ya gafarta Malam, ina neman ƙarin haske. A filinmu ba a barin kowa ya tsallake igiyar shiga sai fuskarsa a rufe, kuma kafin a fara kowa sai ya harba bindigarsa ta cikin na'urar auna gudu a gaban alƙalin wasa, wadda ta wuce ƙa'ida a ajiye ta gefe. Idan tabarau ya faɗi daga fuskar wani, ana busa usur kowa ya sauke bindiga nan take. A wurin hutawa dole a cire gidan ƙwaya a sa wa bakin bindigar hula. Kowa da yardarsa ya zo, babu wanda aka firgita. Shin hukuncin ɗaya ne?

Malam Na Bakin Kasuwa (Maraɗi):

Malam Baban Khalifa, hadisin da kansa ya ambaci dalilin hanin, wato fasa ido da karya haƙori, saboda haka idan an kawar da wannan cuta da gaske, kuma wasan bai shagaltar daga salla ba, yana da wuya in haɗa shi da harbin yara a lungu. Amma igiyar da ka ambata ita ce iyakar wannan sauƙi. Daga ƙofar filin zuwa ƙofar gidanka akwai mutanen da ba su ba da yardarsu ba, kuma tsohuwar da ta hango bakin bindiga ta tagar mota ta firgita, haƙƙinta yana wuyan wanda ya bari ta gani.

Mai Fiton Kaya (Apapa, Legas):

Ina so in ja hankalin 'yan'uwanmu na waje masu zuwa gida hutu, domin na ga yadda tsaraba ta zama masifa. A jerin kayan da hukumar kwastam ta Najeriya ta haramta shigo da su kwata-kwata akwai ƙananan bindigogin iska, da duk wata ƙaramar bindiga da aka ɓoye siffarta. Idan na'urar filin jirgi ta nuna siffar bindiga a akwatinka, bayanin jul da ƙwayar roba ba zai hana ka kwana a hannun jami'an tsaro ba. Duk abin da dokar Kanada ko Birtaniya ta yarje maka, a can ya tsaya.

Ɗan Zango (Kumasi):

Mu ma a Gana mun ɗanɗana. A ƙarshen 2024, ana dab da babban zaɓe, samari suka ɓarke da yayin harbe-harben bindigar wasa a kan tituna suna ɗauka a waya suna watsawa, har 'yan sanda suka yi kame suka gargaɗi jama'a. Abin da ya tayar wa manyanmu na zango hankali shi ne a cikin wannan hayaniya babu mai iya sanin ranar da wani zai shigo da ta gaske. Ina goyon bayan Ɗalibin Shari'a cewa laifin fitowa da ita titi shi ya fi cancanta a tsananta.

Ɗalibin Shari'a (Birmingham):

Jamus ma a nan ta fi sa ƙarfi. Tun 2008 ta hana ɗaukar duk wani abu mai kama da bindigar gaske a bainar jama'a, sai dai a cikin akwati ko jaka da aka kulle. Ostireliya kuwa ta zaɓi tsanani, a mafi yawan jihohinta wasan ba ya yiwuwa sam.

Baban Khalifa (Kalgari, Kanada):

Na gode muku duka, musamman Yaya Maman Sadiƙ, domin maganarta ce ta hana ni barci. Jiya bayan isha'i na zaunar da Khalifa na nuna masa hoton Tamir, na ce masa ya lissafa shekarunsu. Shekara biyu kacal ce tsakaninsu. A nan ne ya gaya mini abin da ban sani ba, cewa wata rana ina wurin aiki ya fito da bindigar bayan gida ya nuna wa wani abokinsa, kuma shingen gidanmu katako ne da bai kai kafaɗata ba. Ban ɗaga murya ba, amma jikina ya yi sanyi. Na sayo kwaɗo na kulle jakar, makullin yana cikin na motata.

Har yanzu ban yarda a haramta wasan ba, kuma na yi farin ciki da aka cire wancan sashe daga C-21. Sai dai na gane cewa mu da muka yi ta murna mun bar ɓarakar yadda take, kuma ranar da aka harbe wani yaro a ƙasar nan da irin wannan bindiga a hannu, ƙudurin zai dawo, babu wanda zai saurare mu. Zan rubuta wa ɗan majalisar mazaɓata in nemi a yi irin tsarin Birtaniya: shekara 18 kafin saye a ko'ina cikin ƙasar, rajista ta hannun filayen wasa, da wajabta kulle ta a jaka a kan hanya.

Tsohon Sufeto (Kaduna):

Ka kyauta da ka tambayi yaron, kuma ka kyauta da ba ka daka masa tsawa ba, domin da ka yi, gobe ba zai gaya maka komai ba. Ni dai ina nan a kan bakana cewa bai kamata a ƙera abin da aka nufa ya ruɗi ido ba, amma tunda kun ƙudura, ga shawarata ta tsohon ɗan sanda. Makulli yaro yana gano inda yake. Mu a bariki, in mutum ya tashi aiki, a ma'ajiyar makamai yake miƙa bindigarsa a rubuta a littafi, ya tafi gida hannu rabbana. Me zai hana filin naku ya yi ɗakin ajiya, bindigar ta kwana inda ake wasa da ita?

Baban Khalifa (Kalgari, Kanada):

Yallaɓai, ban taɓa tunanin wannan ba. Akwai wata tsohuwar kwantena a bakin filin da mai wurin yake ajiye bindigogin haya a ciki. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan tambaye shi nawa zai karɓa a wata ya ajiye mana namu guda biyu, kuma zan kawo maganar a gaban sauran iyayen da suke zuwa da 'ya'yansu.